Inci Ɗaya da Rabi a Bangon Likita

Ni mai fenti ne. Sunana Fermin, shekarata hamsin da huɗu, kuma daga aji uku na ajiye karatu na ɗauki burushi. Rabin shagunan unguwarmu a nan San Pedro ni na rubuta musu suna a goshi. Duk wanda ya ce na taɓa ja masa layi a karkace, ya zo ya nuna mini. Sau ɗaya tak na ɓata aiki da gangan, shi ma a bangon 'yar cikina na yi.

Yudelka ce babba a gidana. Ta tafi babban birni ta yi shekara goma sha ɗaya tana karatu, ta dawo likitar yara. Har yau in na ga an rubuta Dakta kafin sunan gidanmu sai in ji kamar da wasu ake. Da ta dawo ta kama hayar tsohon shagon wani tela a bakin titi, ɗaki biyu da ɗan zaure, ta ce nan za ta riƙa duba yara. Ranar da aka ba ta makulli ta ja ni muka shiga. Bangon duk ya yi baƙi, ga warin ɓera.

"Baba, ba na son yaro ya shigo ya ga farin bango ya fara ihu tun ban taɓa shi ba," in ji ta. "So nake ya shagala da kallo har ya manta da allura."

"Kore za a yi," na ce. "Kalar ƙungiyar garinmu. Babu yaron da zai yi kuka a cikin kore."

"Ba filin ƙwallo na buɗe ba."

"A garin nan ko coci ka buɗe filin ƙwallo ne."

Kwana biyu muna wannan musu. Ita tana son ruwan ɗorawa mai haske, wai haka ta gani a wurin da ta yi aiki. Ni na ce wannan kala ce ta wanda amai ya kama. A ƙarshe uwarta Nereida ta raba mu: sama ruwan ɗorawa, ƙasa kore, kowa ya rufe baki. Na zana kifaye a ɗakin awo, na zana kwale-kwale da bishiyar kwakwa a ɗakin allura, can sama kusa da rufi inda yaron da aka kwantar zai gani. Saura bangon zaure. Nan Yudelka ta miƙo mini hoto a wayarta.

"Raƙumin dawa nake so a nan, tsayinsa daga ƙasa har sama. A jikin wuyansa ka ja ma'aunin tsawo, yara su riƙa tsayawa suna gwada kansu kafin layi ya zo kansu."

"Wa ya taɓa ganin wannan dabba a tsibirin nan?"

"Kai ka taɓa ganin kifi mai murmushi? Ai ga shi ka zana guda shida."

Na karɓi hoton.

To yanzu sai in koma kan Lelo, don ba don shi ba da babu labari. Eliezer ne sunansa, amma ko malaminsu Lelo yake ce masa. Shi ne autanmu, ya zo bayan mun riga mun ba da gadon jarirai kyauta. Shekararsa goma sha biyu a lokacin. Kamar kowane yaro a nan, tun bai iya ɗaura takalmi ba yake dukan murfin gorar ruwa da sandar tsintsiya a kan titi. Yana da shekara bakwai na kai shi wurin Koci Bartolo, wanda ke koya wa yara ƙwallon kulki a filin bayan tsohuwar masana'antar sukari. A wasan nan tasha huɗu mai bugu yake zagayawa da gudu, ta biyun Lelo yake tsarewa. Ba don ɗana ba ne, yaron nan yana da hannu. Ƙwallo za ta taho tana tsalle a kan tsakuwa kamar mahaukaciya, kafin ka ƙifta ido ta shiga safar hannunsa ta fita. Tsofaffin da ke zama a inuwar katanga har tafa masa suke yi, su da ba sa tafa wa kowa.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Gajere ne.

Bartolo kuwa yana da doka. Duk shekara in hutun makaranta ya zo yakan ɗebi yara goma sha biyar ya kai su gasa a babban birni, su kwana uku, masu neman 'yan wasa su gan su. Kuma ba ya ɗaukar wanda bai kai ƙafa biyar ba. Bai yarda da tef ɗin awo ba, ya ce iyaye sun iya jan sa. Kulki biyu yake da su masu inci talatin-talatin, ya haɗa su kai da gindi ya naɗe da baƙin tef. Sai ya kafa su a ƙasa, yaro ya cire takalmi ya tsaya. In kulkin ya fi ka, sai baɗi. Bara an bar Lelo. Bana abokansa duka sun wuce kulkin, har Chichi ɗan mai gyaran taya, wanda ko kankana ka jefa masa sai ta faɗi.

Babu abin da yaron nan bai yi ba. Ya yi lilo a reshen mangwaro kullum da safe har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya ci agade da ƙwai har uwarsa ta fara ɓoye tukunya. Wani ya gaya masa madarar akuya tana ja wa mutum ƙashi, ya sha ta yana toshe hanci. Duk Lahadi in mun dawo coci sai ya tsaya a jikin ƙofar kicin in ja masa layi da fensir. Wata huɗu layin yana wuri ɗaya, har ya yi kauri. Ƙafa huɗu da inci goma da rabi.

Ran nan muna cin shinkafa da wake sai ya ajiye cokali.

"Na daina."

"Ka daina me?" in ji uwarsa. "Ko rabi ba ka ci ba."

"Ƙwallo. In an sake barina bana, ba zan koma ba. Na gaji da ɗaga wa mota hannu."

"Kai, ci abincinka," na ce. "Wa ya tambaye ka?"

"Da gaske nake, Baba."

Na san da gaske yake, don taurin kaina ya ɗauko kaf. Kashegari bai je filin ba. Ranar da ta biyo ma haka. Na dawo aiki na tarar da shi a kwance yana kallon rufi, a lokacin da ya kamata a ce yana can yana cin ƙura. Nereida ta ce in ƙyale shi, wataƙila ma ya kama littafi kamar yayarsa. Ni kuma ba zan yi ƙarya ba. Kowane uba a garin nan yana da mafarkin nan na a sa wa ɗansa hannu a takarda a kai shi ƙasar waje, ni ma ina da ɗan nawa. Amma ba shi ne ya fi damuna ba. Ranar Asabar in na jingina da wayar da aka shinge filin nan da ita ina kallon yaron, nakan manta gwiwata tana ciwo. Kuma shi ma a filin nan kaɗai nake ganin haƙoransa duka a waje.

Da wannan a raina na je na fara raƙumin dawa. Na yi masa kwana uku. Na sa masa hular 'yan ƙwallo a ka, don ban ga dalilin da zai tsaya a San Pedro kai babu hula ba. Yudelka ta leƙo ta ce ya fi kama da saniyar da aka ja wa wuya, amma ta bar shi. Da na zo ma'auni, ta ce santimita take so, irin na likitoci. Na yi mata a hagu. A dama kuma na yi ƙafa da inci, don babu uban da zai gane santimita. Ka ce wa mutum ɗansa ya kai ɗari da hamsin, sai ya tambaye ka kuɗin peso kake nufi ko me.

Na durƙusa da tef a hannu zan sa alamar farko. Babu kowa a zauren. Ban yi dogon tunani ba, kada wani ya ce shaiɗan ne ya zo, ni ne. Na lanƙwasa bakin tef ɗin inci ɗaya da rabi na danne a ƙasa, na ja layukan daga nan. Kowace lamba ta sauko ƙasa da inda ya kamata ta zauna. Sannan na zana ciyawa mai duhu a gindin bangon, ta rufe wurin ƙafafun dabbar da farkon ma'aunin, yadda babu mai ganin inda aka fara ƙirga. Ciyawar ta yi kyau ƙwarai. Abin da na gaya wa kaina shi ne, ai wannan wasan yara ne, Yudelka tana da ma'auninta na ƙarfe a ciki. Yaro ya ga ya ƙaru, ya koma fili, kafin ranar zaɓe saura wata biyu, wataƙila Allah ya cika sauran.

Ranar buɗewa Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yayyafa ruwa, maƙwabta suka cika zaure, aka raba lemo da biskit. Nereida ta sa rigar da ta ɗinka tun bikin gama karatun Yudelka. Lelo yana rakuɓe a bakin ƙofa kamar an aiko shi karɓar bashi.

"Zo ka gwada mini aikina," na ce masa.

"Na san tsawona."

"Na ce ka zo."

Ya cire takalmi ya jingina, fuska a murtuke. Na ɗora burushi a kansa na danna da bango. Ya zame ya juyo ya duba. Ya sake dubawa. Ya koma ya tsaya ya ce uwarsa ta gwada shi, wai bai yarda da hannuna ba. Ta ɗora tafinta.

"Biyar cif," in ji ta. Sai ta ɗago ta dube ni. Shekara talatin da ɗaya muna tare, na san wannan kallon. Na juya na shiga gyara wa Fada kujera.

"Ƙofar kicin fa?" in ji Lelo.

"Ƙasan kicin ɗinmu a karkace yake, kowa ya sani. Nan kuwa asibiti ne."

Ko takalmin bai tsaya ɗaurawa ba. Da yamma da na bi ta bayan masana'anta na hango shi a tasha ta biyu yana yi wa Chichi tsawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin mutanen unguwarmu. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa yara suna tsawo a wurin 'yar Fermin. Wasu suka ce allurar bitamin take yi, wasu suka ce ruwan da Fada ya yayyafa ne. Sai ga iyaye maza, waɗanda ko ɗansu na mutuwa uwar suke turawa asibiti, sun yi layi da 'ya'yansu ƙatti masu ƙoshin lafiya. Su shigo, yaro ya jingina da raƙumin dawa, uba ya ɗauki hoto, su fita. Mai gyaran taya ya kawo Chichi sau uku.

"Baba, ban gane ba," in ji Yudelka da ta zo cin abincin rana. "Zaure a cike, amma babu mai tari ko ɗaya."

"Hannun mai fenti ne," na ce. "Ki gode wa Allah."

Nereida ta dangwara mini kwano da ƙarfi har miya ta fantsalo.

"Ka gaya mata ko in gaya mata," ta ce da ni bayan yarinyar ta tafi.

"In gaya mata me?"

"Ni na haifi yaron nan, Fermin. Ni nake sayen wandonsa. Wandon Kirsimeti har yanzu lanƙwasa ƙafarsa nake yi."

"Ki ba ni wata biyu."

"Kai za ka ja shi da igiya?"

Ban samu wata biyun ba. Ko mako uku ban samu ba.

Asabar ce, ina jingine da waya kamar kullum. An gama motsa jiki, Bartolo ya tara su yana magana a kan tafiya. Bartolo tsoho ne mai tumbi, kullum da tsinken sakace a baki, kuma bai iya magana a hankali ba. Sai na ji muryar Lelo.

"Koci, ka sa sunana. Na kai."

"Ka kai ina, ɗan tsako?"

"Ƙafa biyar. A asibiti aka auna ni."

Na ɗaga hannu ina kiran sunansa, bai ko waiwayo ba. Bartolo ya ce a ɗauko masa kulkin. Aka kafa shi a tsakiyar fili, yara talatin suka zagaye. Lelo ya cire takalmi, ya miƙe ƙirji, yana murmushi tun kafin a duba. Bartolo ya ɗora hannu a kansa, sannan ya buɗe yatsu biyu tsakanin kan yaron da bakin kulkin, ya ɗaga su sama kowa ya gani.

"Wannan asibitin naku, a kan tudu aka gina shi?"

Yara suka fashe da dariya. Wani ya ce a bar shi ya hau kan safarsa. Chichi ya ce shi ma ai an ce masa ya kai biyar da uku. Bartolo ya jawo shi ya gwada da tafin hannu, ya ce, "Kai ma ƙarya ce, biyar da ɗaya da ɗan wani abu." Dariyar ta ragu, don rabinsu sun je sun jingina da dabbar nan.

Lelo bai yi kuka ba. Ya sa takalminsa, ya ɗauki kulkinsa, ya fito ta ƙofar waya. Ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba. Na bi shi da babur ina cewa ya hau, ya ƙi. Haka muka tafi, shi a ƙasa ni ina jan babur a gefensa kamar wawa, har bakin asibitin yayarsa.

Mata uku ne a zaure da jarirai. Ya wuce su ya tsaya gaban raƙumin dawa, ya kafa gindin kulkinsa a ƙasa ya jingina shi da ma'aunin. Kulkin Lelo inci talatin ne, an buga lambar a jikinsa. Bakinsa ya tsaya a kan talatin da ɗaya da rabi.

Yudelka ta fito da abin sauraron ƙirji a wuya. Ta dubi kulkin, ta dubi lambar, ta dube ni.

"Kuskure ne, Baba?"

Da na ce eh da an wuce wurin. Amma shekara talatin da biyar ina cika baki cewa ba na kuskuren awo.

"A'a," na ce.

Ta ba matan haƙuri, ta tura mu ɗakin kifaye ta rufe ƙofa. Ban taɓa sanin 'yata ta iya faɗa haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Ka san abin da ya faru ranar Laraba? Akwai yarinya 'yar shekara shida da ta daina girma, na rubuta wa uwarta gwajin jini. Ta fita zaure ta gwada ta a bangonka, ta dawo ta ce ma'aunina ne ya lalace, ga shi yarinya ta ƙaru. Ta yaga takardar a gabana. Tun ranar nake kiran wayarta ba ta ɗauka."

"Ban yi zaton..."

"Ba ka yi zato ba. Sunana ne a ƙofar nan, Baba. Kai ka rubuta shi da hannunka."

Na tsaya riƙe da hulata kamar yaron da aka kama a gonar rake. Sai Lelo ya yi magana, karo na farko tun daga fili.

"Gaban kowa na faɗa. Gaban kowa."

"Don ka koma fili na yi."

"Ai na koma. Ka ga abin da aka yi mini."

Yudelka ta ja numfashi ta ce in zauna a kujerar iyaye in yi shiru. Ta sa Lelo ya hau ma'auninta na ƙarfe, ta sauko da abin a kansa. Ƙafa huɗu da inci goma da rabi, daidai da ƙofar kicin. Ta auna nauyinsa, ta duba haƙoransa da wuyansa, ta tambaye shi ko muryarsa ta fara canzawa. Sannan ta jawo kujera ta zauna gab da shi.

"Auta, ka saurare ni. Lafiyarka ƙalau. Jikinka bai fara tashi ba ne tukuna, na Chichi ya riga ya fara. Kawu Nelson, ƙanin Mama, har ya shekara goma sha huɗu ana ɗaga shi ya ɗauko abu a kan kanta, yanzu sunkuyawa yake ya shiga gidanmu. Zan tura ka babban asibiti a ɗauki hoton ƙashin hannunka, zai nuna mana ko akwai sauran wuri."

"Zan kai biyar kafin hutu?"

"A'a."

"Baɗi fa?"

"Ina tsammani. Amma ba zan rantse maka ba. Dubi Baba, shi ma jininka ne, ga shi nan kamar gorar gas."

Na buɗe baki, ta nuna ni da yatsa, na rufe.

Washegari bayan coci na ɗauki kayana na koma asibitin. Na kankare ma'aunin duka, na kankare ciyawar. Na kafa tef a kan tayil sosai, na kira Yudelka ta riƙe bakinsa da hannunta, na ja sababbin layuka. Dole na zana wa dabbar ƙafafu, abin da ban yi ba da farko, suka fito kamar na tebur. Daga nan na tambaye ta gidan matar da ta yaga takarda. Can bayan layin dogo take. Na je da kaina na tsaya a ƙofarta na ce ni ne mai fentin, ni na yi ƙarya ba likita ba. Ta zage ni tas, har da iyayena da suke kabari. Amma ranar Talata ta kai yarinyar gwajin.

Iyaye maza kuwa suka yi ta zuwa gidana ƙorafi, wai 'ya'yansu sun motse. Mai gyaran taya ya ce ya riga ya tura wa ɗan'uwansa hoto a Nuyok, can ƙasar waje. Na ce ya tura masa wani.

Lelo ne bai ce mini komai ba. Mako biyar. In na shigo kicin ya fita. In yana son gishiri ya ce wa uwarsa ta miƙo, ko da a gabana yake. Fili kuwa ko hanyar bai sake bi ba. An ɗauki hoton hannun, Yudelka ta ce ƙashinsa na ɗan shekara goma da rabi ne, akwai wuri da yawa. Ya ce to, ya shige ɗaki. Na je wurin Bartolo na ce dokarsa dokar jakai ce, yaron da ya fi kowa hannu zai bari saboda yatsu biyu. Ya cire tsinken daga baki ya ce, "Na sani, Fermin. Amma in na karya wa ɗanka, gobe iyaye talatin ne a ƙofata, kowa da nasa raƙumin dawan." Na so in mare shi, sai dai gaskiya ya faɗa.

Nereida ta ce in ba yaron haƙuri. Na ce ai ya ga na gyara bangon. Ta ce bango ka ɓata wa rai? Ni ban taɓa jin ubana ya ba wani haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Ran nan dai na same shi a gindin mangwaro yana jifan gwangwani da tsakuwa. Na tsaya a bayansa.

"Abin da na yi maka ba daidai ba ne," na ce. "Na ɗauke ka ƙaramin yaro. Ka yafe mini."

Ya jefa tsakuwa ta sami gwangwanin. Ya sake jefa wata. Na ga ba zai amsa ba, na tafi aikina.

Ranar tafiya ta zo, wata Juma'a. Motar takan tashi daga bakin fili da ƙarfe bakwai na safe, kuma dole ta bi ta ƙofar gidanmu. Ina zaune ina shan kofi muka ji ta tafe, yara suna buga jikinta suna waƙa. Nereida ta tashi za ta rufe taga. Lelo ya ce ta bari. Ya tsaya ya kalle ta har ta sha kwana. Ni dai kofina nake kallo. Na riga na saddaƙar an gama, na fara tunanin wanda zan ba takalman ƙwallonsa.

"Baba, kana da aiki yau?"

Na ɗago. Da ni yake.

"Akwai katangar wani mai kanti. Za ta iya jira."

"Filin babu kowa. Kwana uku."

Na je na tayar da babur. Ya fito da bokitin tsofaffin ƙwallaye ya hau bayana, bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya kama.

Filin shiru, sai awaki biyu a can gefen rake. Ya miƙo mini kulki ya taka zuwa tasha ta biyu, ya sunkuya ya buga safarsa.

"Ta ƙasa za ka riƙa bugowa. Da ƙarfi. Hagu da dama."

Rabona da riƙe kulki tun kafin a haifi Yudelka. Na jefa ƙwallo sama na kai mata duka, na sami iska. Na sake, ta gangara kamar ƙwai ta tsaya a tsakaninmu. Ta uku ta tashi sama ta nufi awaki.

Lelo ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Wai kai a garin nan aka haife ka?"

"Rufe mini baki ka koma wurinka."

"Ka buɗe ƙafa. Ka daina kallona, ƙwallon za ka kalla. Haba Baba, ko Mama ta fi ka."

Ta huɗu ta samu. Ta tafi da gudu ta hagunsa tana tsalle a kan tsakuwa, ya yi sufa ya cafke ta, ya tashi da ƙura har a baki.

"Yawwa," in ji shi, ya jefo mini ita. "Saura ɗari."